Lawashin Albasa a Kwarin Gulbin Maraɗi: Sinadaransa da Amfaninsa ga Jiki

Lawashi shi ne koren ganyen albasa, dogo mai rami a ciki, wanda ke fitowa daga wuyanta. Idan aka tuge albasa tana ƙarama, tun kafin ta ɗaura kai, aka kai ta kasuwa da ganyenta da farin gindinta, ita ake kira albasa mai lawashi. A duniya tsiro biyu ne suka fi bayar da irin wannan ganye. Na farko shi ne albasar da aka saba da ita, wadda masana tsirrai ke kira Allium cepa. Na biyu ɗan'uwanta ne mai suna Allium fistulosum, wanda ba ya yin babban kai ko da ya daɗe a ƙasa, kuma an fi nomansa a Sin da Japan da Koriya saboda ganyensa kawai. A ƙasar Hausa yawancin lawashin da ake ci daga na farkon yake fitowa: ko dai ƙananan da aka rage daga fangali don sauran su sami sarari, ko ganyen da aka yanke lokacin girbi.

Mutane da yawa suna ɗaukar lawashi a matsayin rarar albasa, abin da mai kayan miya ke ƙarawa gyara. Awon da masana abinci suka yi ya nuna cewa a fannin bitamin da ma'adinai ganyen ya fi kan albasar nesa ba kusa ba. Dalilin a bayyane yake. Ganye shi ne wurin da tsiro ke karɓar hasken rana ya sarrafa abincinsa, don haka a nan kayan aikin suke taruwa. Kai kuwa rumbu ne da tsiron ke tara sukari da ruwa a ciki domin shekara mai zuwa. Kowane ɓawo na kan albasa gindin ganye ɗaya ne da ya kumbura, shi ya sa manomi ke iya hasashen girman albasarsa daga yawan ganyenta da lafiyarsa.

Inda ake nomansa

Nijar na cikin manyan ƙasashen da ke noman albasa a Afirka ta Yamma, tana samar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma ana fitar da ita zuwa Gana da Kodibuwa da Benin da Togo. Sunan da ya fi fita shi ne na jar albasar Galmi ta jihar Tawa. Amma jihar Maraɗi ma tana da nata tarihin: farar albasar Sumarana, ɗaya daga cikin irin albasar Nijar da masu bincike suka tace suka yi wa rajista, daga garin Sumarana da ke kwarin Gulbin Maraɗi ta samo sunanta. A Tarna, gab da birnin, akwai tashar binciken aikin gona ta INRAN, cibiyar da aka kafa a 1975, wadda ta gaji aikin tace iri a wannan wuri.

Gulbin Maraɗi yana shigowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa yankin Madarumfa, ya wuce ta gefen Maraɗi da Tibiri, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Ruwansa na damina ne, amma yana barin laka mai albarka da ruwan ƙasa marar zurfi sosai, kuma a kan waɗannan biyun noman rani ya dogara. A kudu da birni akwai filin noman rani na Jiratawa, mai faɗin kimanin hekta 500, wanda aka gina a farkon shekarun 1980, ake ba shi ruwa daga rijiyoyin burtsatse, ƙungiyoyin manoma ke tafiyar da shi tare da hukumar noman rani ta ONAHA. Jiratawa ta yi suna da zogale, amma akwai albasa da tumatir da kabeji da sauran kayan lambu. A arewa maso yamma kuma, fadamun Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, cike suke da garake a lokacin sanyi.

Ana zuba irin albasa a wajen Oktoba da Nuwamba, a dasa bayan kamar mako shida zuwa bakwai, a girbe tsakanin Fabrairu da Afrilu. Saboda haka lawashi ya fi yawa da araha daga tsakiyar sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da ganyayen damina irin su rama da tafasa suka riga suka bushe. Wannan dacewar lokaci na daga cikin abin da ya ba shi muhimmanci.

Ruwa, kuzari da manyan sinadarai

Alƙaluman da za a kawo a nan na giram 100 ne na ɗanyar albasa mai lawashi, ganye da gindi a haɗe, kamar yadda suke a teburin sinadaran abinci na ma'aikatar aikin gona ta Amurka. Iri da ƙasa da taki da lokacin tuga suna iya ɗaga su ko rage su, amma tsarin bai cika sauyawa ba. Miligiram kashi ɗaya ne cikin dubu na giram, maikrogiram kuma kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram.

Kusan giram 90 daga cikin 100 ruwa ne. Kuzarin da ke ciki kilokalori 32 ne kacal, ƙasa da na kan albasa wanda ke da 40. Furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.8 ne, mai kuwa bai kai rabin giram ba. Dangin sitaci da sukari sun kai giram 7.3, daga ciki sukari zalla giram 2.3 ne, yayin da kan albasa ke da 4.2. Wannan ne ya sa kan albasa ke yin zaƙi da ja idan aka soya shi, lawashi kuwa ba ya yin haka sosai.

Akwai kuma zaren abinci, ɓangaren da ciki ba ya narkarwa, wanda ya kai giram 2.6, sama da 1.7 na kan albasa. Zaren nan yana riƙe ruwa a hanji, yana sauƙaƙa bayan gida, yana kuma rage saurin shigar sukari cikin jini. Abin da waɗannan alƙaluma ke nunawa shi ne lawashi ba abincin ƙoshi ba ne. Hatsi da wake da gyaɗa su ke ba da ƙarfi da gina jiki. Aikin lawashi yana wurin ƙananan sinadarai, waɗanda jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan amma ba ya iya rayuwa lafiya sai da su.

Bitamin

Bitamin K shi ne abin da lawashi ya fi shahara da shi: maikrogiram 207 a giram 100, alhali kan albasa bai kai maikrogiram ɗaya ba.  Masanin ƙasar Denmak, Henrik Dam, shi ya gano wannan bitamin bayan ya lura, tun daga 1929, cewa 'yan tsakin da aka hana wani nau'in abinci suna zubar da jini ba ya tsayawa, kuma ya sami kyautar Nobel ta 1943 a kan haka. Hanta tana amfani da bitamin K wajen haɗa sinadaran da ke daskarar da jini idan an ji rauni, ƙashi ma yana buƙatarsa wajen kama kalsiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona sun ƙiyasta buƙatar babbar mace a maikrogiram 55 a rana, ta namiji 65. Ke nan giram 30 na lawashi ya kusan biyan buƙatar yini guda.

Bitamin A ba ya cikin ganye kai tsaye. Abin da ke ciki shi ne karotin, wani sinadari mai launin ruwan goro da koren ganyen ya rufe, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Giram 100 na ɗauke da kusan maikrogiram 600 na karotin, daidai da maikrogiram 50 na bitamin A, kan albasa kuwa kusan babu komai. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, ya bushe ido, ya raunana garkuwar yaro har ƙyanda da gudawa su fi yi masa illa. Saboda girman matsalar ne Nijar ta fara raba ƙwayar bitamin A tare da allurar rigakafin shan inna tun ƙarshen shekarun 1990. Tare da karotin akwai lutin da ɗan'uwansa ziyazantin, fiye da maikrogiram 1,100, waɗanda ke taruwa a tsakiyar tantanin gani na ido. Duk waɗannan sun fi yawa a inda ganyen ya fi kore, suna raguwa idan aka gangaro zuwa farin gindi. Mai girkin da ke yanke saman ganye ta zubar, ta ɗauki fari kawai, mafi amfanin ta zubar.

Bitamin C ya kai miligiram 18.8, fiye da ninki biyu na 7.4 da ke kan albasa. Jiki na buƙatarsa wajen warkar da rauni da ƙarfafa dasashi da jijiyoyin jini, kuma yana da wani aiki na musamman da za a ambata a batun ƙarfe. Buƙatar babba a rana, a ƙiyasin hukumomin nan biyu, miligiram 45 ce.

Folet, ɗaya daga dangin bitamin B, ya kai maikrogiram 64, sama da ninki uku na 19 da ke kan albasa. Da shi jiki ke ƙera sababbin ƙwayoyin jini, kuma a makonnin farko na ciki shi ke taimaka wa lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa su haɗu yadda ya kamata. Buƙatar babba maikrogiram 400 ce a rana, ta mai ciki 600. Lawashi yana ƙara wani abu a kan wannan, amma ba ya maye gurbin ƙwayar ƙarfe da folet da ake ba mata a wurin awon ciki.

Ma'adinai

A giram 100 akwai fotasiyam miligiram 276, kalsiyam 72, fosfaras 37, magniziyam 20, sodiyam 16, ƙarfe 1.5, da zinki kusan 0.4. Idan aka gwada da kan albasa, kalsiyam ya ninka sau uku, fotasiyam kusan sau biyu, ƙarfe kuwa kusan sau bakwai.

Batun ƙarfe ya cancanci a tsaya a kansa. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa kashi 73 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 46 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa, suna da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da haihuwa kusa-kusa duk suna da hannu a ciki, amma abinci ma yana da nasa rabon. Gero da dawa da wake suna da ƙarfe, sai dai suna ɗauke da wani sinadari mai suna fitet wanda ke ɗaure shi, hanji ya kasa tsotsa. Bitamin C yana sassauta wannan ɗauri idan aka ci shi a lokaci ɗaya da hatsin. Don haka ɗanyen lawashi da tumatir da ɗan lemun tsami a kan shinkafa da wake ko ɗanwake suna ƙara yawan ƙarfen da jiki zai samu daga waken kansa. Shayi kuwa akasin haka yake yi, shi ya sa ya fi kyau a ba da tazara tsakanin abinci da shan shayi, musamman ga mai ciki.

Yawan fotasiyam da ƙarancin sodiyam suna da amfani ga mai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, kuma yawancin gishirin da ake ci a birane yana shigowa ne ta miya da dunƙulen ɗanɗano. Miyar da ta ji lawashi da daddawa da tafarnuwa tana iya yin daɗi da rabin dunƙulen da aka saba jefawa.

Farar wuta: tushen yaji da wari da hawaye

Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma ilimin sinadarai ya bayyana dalili. Tsiron yana jan farar wuta daga ƙasa, ya haɗa ta da wani tubalin furotin mai suna sistin, ya ajiye a cikin ƙwayoyin halittarsa a siffar wasu sinadarai marasa wari. Mafi yawa a cikinsu shi ne aisoliyin, wanda masanin ƙasar Finlan, Artturi Virtanen, da abokan aikinsa suka tantance a farkon shekarun 1960. A wani ɗaki dabam na cikin ƙwayar halittar akwai inzayim mai suna aliyinas. Muddin ganyen yana nan lafiya, su biyun ba sa haɗuwa, shi ya sa lawashin da ke tsaye a fangali ba ya tashin wari mai ƙarfi.

Da zarar wuƙa ko haƙori ko taɓarya ta fasa ƙwayar, sai su gauraya. Cikin daƙiƙoƙi aliyinas ya farfasa aisoliyin, a sami wasu sinadarai masu saurin sauyawa. Wani ɓangare nasu yana zama iskar nan mai tashi zuwa ido ta taɓa jijiyoyinsa, ido ya zubo da hawaye don ya wanke kansa. A 2002 masu bincike a Japan suka gano cewa akwai inzayim na biyu wanda aikinsa kawai shi ne ƙera wannan iska. Sauran ɓangaren kuma yana haɗuwa ya zama dangin sinadaran da ke ba da yaji da ƙamshin ɗanyar albasa. Ga tsiron, wannan makami ne na korar ƙwari da dabbobi da ƙwayoyin cuta.

Abubuwa da dama da aka sani a madafa da gona suna da tushe a nan. Wuƙa mai kaifi tana fasa ƙwayoyi kaɗan, don haka hawaye ya fi sauƙi. Jajjage da daka sun fi yanka fitar da ƙamshi. Albasar da aka noma a ƙasa mai yawan farar wuta, ko ta sha zafi da ƙishirwa, ta fi yaji. Wuta tana kashe aliyinas, tana kuma sauya sinadaran zuwa wasu masu sanyin ƙamshi, shi ya sa dafaffiyar albasa ba ta damun na kusa. Hadisai sun hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci saboda warin, an kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya shawarci mai son cin su da ya kashe warinsu da dahuwa. Warin da ke daɗewa a baki kuwa ba a haƙori kaɗai yake ba: wasu daga sinadaran suna shiga jini su fito ta numfashi, don haka asuwaki ba ya kawar da shi gaba ɗaya.

A ɗakin gwaji an ga waɗannan sinadarai suna kashe wasu bakteriya, suna kuma rage mannewar ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Wasu nazarce-nazarce a kan jama'a sun ga cewa masu yawan cin albasa da tafarnuwa sun fi ƙarancin kamuwa da sankarar tumbi. Irin wannan alaƙa ba ta kai hujjar cewa albasa na warkar da cuta ba, domin adadin da ake gwadawa a kwalba ya fi wanda ke isa jini daga kwanon abinci. Lawashi abinci ne mai kyau, amma mai ciwon sukari ko hawan jini bai kamata ya ajiye maganinsa saboda shi ba.

Sauran sinadarai

Koren launin ganye daga kulorofil ne, sinadarin da ke kama hasken rana, wanda ke da magniziyam a tsakiyarsa. Doguwar dahuwa ko tsami suna fitar da magniziyam ɗin, sai kore ya dushe ya koma ruwan ƙasa. Kanwa tana riƙe koren, amma tana lalata bitamin C da wasu daga dangin bitamin B, saboda haka kyan launin da take bayarwa ba shaidar amfani ba ne.

Akwai kuma dangin filabonoid, musamman kwasetin da kamferol, masu kare ƙwayoyin tsiro daga zafin rana. A nan kan albasa ne ke gaba: kwasetin ya fi yawa a ɓawon waje na albasa mai launi, kuma jan launin albasar Galmi daga wani dangi ne mai suna antosayanin. Wanda ke ɓare ɓawo biyu ko uku masu nama ya zubar yana asarar mafi yawansu.

Na ƙarshe shi ne furuktan, sarƙar sukari da cikin ɗan'adam ba ya narkarwa, sai ta wuce babban hanji ta zama abincin bakteriya masu amfani. Ga wasu mutane tana kawo kumburin ciki da iska. Furuktan ya fi taruwa a kai da farin gindi, koren ganye kuwa kaɗan ne ke cikinsa, don haka wanda albasa ke kumbura wa ciki sau da yawa yakan iya cin koren lawashi lafiya.

Gwargwadon abin da ke shiga kwano

Alƙaluman giram 100 suna iya ruɗin mai karatu, domin ba kasafai mutum ɗaya ke cin haka a zama guda ba. Cikin tafin hannu na yankakken lawashi, kamar giram 25, yana ba da bitamin K maikrogiram 52, bitamin C miligiram 4.7, folet maikrogiram 16, kalsiyam miligiram 18, da ƙarfe ƙasa da rabin miligiram. In aka cire bitamin K, sauran duk taimako ne kawai. Idan kuma ɗauri ɗaya aka yanka a tukunyar mutum goma, abin da ya isa ga kowa ƙamshi ne.

Kwatanta shi da zogale yana ƙara fito da matsayinsa. Giram 100 na ɗanyen ganyen zogale na da furotin giram 9.4, kalsiyam miligiram 185, ƙarfe miligiram 4, bitamin C kusan miligiram 52, da bitamin A maikrogiram 378. Lawashi bai kai shi ba. Sai dai zogale ana dafa shi a tsiyaye ruwan, bitamin C mai yawa ya tafi, lawashi kuwa ana iya cin sa ɗanye. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da tumatir da ɗanyen lawashi, irin wanda mata ke sayarwa a unguwannin Maraɗi, haɗi ne da ya dace da ƙa'idar ilimin abinci: ƙuli-ƙuli ya kawo furotin, zogale ya kawo ma'adinai da karotin, lawashi da tumatir su kawo bitamin C, man kuma ya taimaka wa hanji tsotsar karotin da bitamin K, waɗanda ba sa narkewa sai a cikin mai.

Jihar Maraɗi, duk da kasancewarta cikin manyan masu noman hatsi a ƙasar, ta daɗe tana fama da tamowar yara, kuma shekarar 2005 ta nuna wa duniya girman abin. Ɗaya daga dalilan shi ne abinci iri ɗaya kullum: fura da tuwo da kunu, ba ganye ba mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana. Lawashi kaɗai ba zai cike wannan ba, amma yana cikin mafi araha da ake samu da rani, kuma yana shiga fate da dambu da dafa-duka da wainar ƙwai da miyar taushe da awara ba tare da an sauya wa iyali abin da suka saba ba. Ga yaron da ya haura wata shida, ana iya yanka shi ƙanana a dafa shi ya yi laushi a cikin faten wake ko na dankali.

Girki, ajiya da gabu

Bitamin C da folet su ne mafi saurin lalacewa. Zafi da iska da haske suna cin su, kuma suna narkewa cikin ruwa. Saboda haka a wanke lawashi kafin a yanka, domin wankin bayan yanka yana tafiya da su. A yanka shi dab da amfani. Farin gindi yana jure suya tare da kayan miya, koren kuwa a zuba shi a mintocin ƙarshe kafin a sauke tukunya. Bitamin K da karotin da ma'adinai sun fi jure wuta, muddin ba a zubar da ruwan dahuwar ba.

Bayan tuga ganyen yana ci gaba da numfashi da zubar da ruwa, kuma a zafin Maris da Afrilu yakan yi yaushi cikin yini guda. Masu sayarwa na rufe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, kuma dabara ce mai kyau matuƙar ruwan mai tsabta ne. Ganyen da ya koma rawaya ko ya yi yauƙi ya riga ya rasa yawancin bitamin C ɗinsa.

Tsohuwar hanyar adana lawashi ita ce gabu. Ana daka ganyen ko a yanka, a dunƙula shi curi-curi, a shanya har ya bushe ƙamas, wasu kuma su ɗan soya ko su gasa shi kafin ya shiga miya. Dakan yana sakin aliyinas, bushewa da gashi kuma su sauya sinadaran farar wuta zuwa ƙamshin nan mai nauyi da aka san gabu da shi. Da yake ruwa ya tafi, ma'adinai da zare suna tattaruwa, amma bitamin C kusan duk yana ƙarewa, rana kuma tana cin karotin mai yawa. Shanya a inuwa mai iska, a kan tabarma ko raga sama da ƙasa, tana riƙe launi da karotin, tana kuma kare shi daga rairayi da kashin dabbobi. Wajibi ne ya bushe sarai kafin a ɗaure shi, domin damshi na kawo fumfuna.

Ga manomi akwai lissafi a nan. Sukarin da ke cika kan albasa daga ganye yake gangarowa, don haka yanke lawashi tun albasa ba ta nuna ba yana rage girmanta, yana kuma barin wuya a buɗe ƙwayoyin cuta su shiga, ta ruɓe a rudu. Albasar ajiya ana barinta sai wuyanta ya kwanta, ta sha iska, sannan a yanke ganyen a bar ɗan tsawo a sama. Wanda ke son sayar da ɗanyen lawashi ya fi masa riba ya ware fangalinsa dabam, ya dasa shi kusa-kusa.

Abubuwan kiyayewa

Da yake sau da yawa ɗanye ake cin sa, tsabtar ruwan ban-ruwa da na wanki ita ce ta farko. Ramin ganye da saƙon da ke tsakanin ɓawo suna riƙe ƙasa da ƙwayoyin cuta. A 2003, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, fiye da mutum 600 suka kamu da ciwon hanta nau'in A daga ɗanyen lawashin da aka shigo da shi daga Meziko, wasu suka rasu. Lambun da ake shayarwa da ruwan kwata, ko aka zuba wa ɗanyen taki da bai ruɓe ba, yana iya yaɗa taifod da atuni da tsutsar ciki. A cire ɓawon waje da saiwa, a wanke ganye ɗaya-ɗaya da ruwa mai tsabta, idan kuma ana shakkar tushensa a dafa shi, musamman ga yara da masu ciki.

Na biyu shi ne maganin feshi. Wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye, waɗanda ke barin farin zane a jikinsa, su ne babbar matsalar albasa da zafi, kuma a kan ganyen ake fesa maganinsu. Kowane magani yana da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, a rubuce a jikin kwalba. Kan albasa yana da ɓawo da za a ɓare, lawashi ba shi da shi, don haka kiyaye wannan wa'adi amana ce a wuyan manomi.

Na uku ya shafi masu shan maganin tsinka jini mai suna warfarin, wanda aikinsa shi ne rage ƙarfin bitamin K. Ba a hana su ganye ba, amma ana so yawan abin da suke ci ya kasance daidai kullum, kuma likita ya san da shi. Haka nan cin ganyen uwa ba ya maye gurbin allurar bitamin K da ake yi wa jariri a ranar haihuwa, domin kaɗan ne ke ratsawa ta mahaifa da nono.

Na ƙarshe ya shafi dabbobi. Sinadaran farar wuta na albasa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin shanu da dawaki da karnuka da kyanwa idan suka ci da yawa, har fitsarinsu ya yi ja su raunana. Tumaki da awaki sun fi jurewa, amma su ma a haɗa musu da harawa ko ciyawa. Bayan girbi, lokacin da ganyen albasa ke jibge a bakin garake, bai dace a saki shanu masu yunwa a kansa ba. Wanda ya yi kyau a yi gabu da shi, sauran kuma a zuba a ramin taki, inda fotasiyam da farar wutar da ke cikinsa za su koma ƙasar da za a dasa albasar baɗi.